Iskar Gaba da Iskar Baya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya sa abincin gidana a cikin ganye.

Juma'ar da ta wuce wasu 'yan mata biyu, ƙawayen ɗiyata, suka shigo gaishe ni, suka tarar muna tsigar zogala a tsakar gida. Ɗaya ta ce ita ma in ta gama lakwal, wato makarantar boko, wannan sana'ar za ta kama, tunda ba ta da wuya: a sayo ganye, a dafa, a sayar. Ɗayar ta ce ai duk abin da ake buƙata mota ce. Na bar su na ci gaba da tsigata, don baƙi ne. Amma maganar motar ta tsaya mini a rai. To 'yan mata, ga labarin yadda muka canja mota, ku karanta in kun samu sarari, don kusan duk abin da na sani game da zogala yana cikinsa.

Aikin farko da uwar mijina ta sa ni, Allah ya jiƙanta, ba dahuwa ba ce. Ina amarya a gidansu da ke Sabon Gari a nan Maraɗi, wata safiya aka kawo ganye, ta raba shi biyu. Rabi ta cusa a buhun leda ta ɗaure baki, rabi ta baza a kan tabarma a inuwa. Muka ci gaba da hidimarmu. Da hantsi ya yi ta kira ni, ta ce in sa hannu cikin buhun. Na sa, na zare da sauri, don ciki ya yi ɗumi kamar tuwon da aka rufe, ganyen tsakiya har ya fara rawaya yana zubewa da kansa. Na taɓa na tabarma, sanyi ƙalau. Ta ce da ni, "Ganye rai gare shi. Ko an yanke shi bai daina numfashi ba. Ki bar shi ya sha iska." A kwalej an koya mana cewa tsiro yana numfashi, na kuma rubuta haka a jarrabawa, amma ranar ce hannuna ya gaskata.

Sauran aikin a hankali na koye shi. Ana yankan zogala bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa ta. Ana yayyafa mata ruwa da tafin hannu, ba a kwara mata, don in ya yi yawa ruɓa take. Tsiga aikin mutum da yawa ne, kuma duk sandar da aka bari cikin ganye sai ta soki bakin wani a wurin cin kwaɗo, ya tambayi daga gidan wa aka sayo. Kanwa kaɗan ake sa wa tukunya. In ta yi yawa ganye ya narke, in babu ya ƙi nuna. Wadda za a busar kuwa a inuwa ake shanya ta, don rana tana cinye mata launi. Kayan aikin ba su da yawa: manyan tukwane, kwanduna, tabarmi, buhunan algarara masu barin iska ta ratsa. Masu saye ne suke da yawa, kuma kowacce da hancinta. Akwai matan da ke sayar da kwaɗo a bakin tasha da ƙofar lakwal, da masu dambu, da gidajen alhazai na unguwar Zariya da ke aiko da kwano. Ba wadda za ta karɓa ba ta ɗebi kaɗan ta matse ta shinshina ba.

Ganyen nan duk daga garkar mutum ɗaya yake zuwa, Malam Isuhu na Jiratawa. Tun zamanin uwar mijina muke tare. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa garake, ta bar itatuwan zogala tsirara kamar tsintsiya, masu saye suka watse, wasu suka koma yakuwa da kabeji. Ɗan abin da ya tsira a garkarsa ni yake ajiye wa, ni kuma ban taɓa ce masa ganyen ya yi ramuka ba. Muka zauna muna tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya kafin a dafa. Daga wannan shekarar ya zamana yankan farko na watan azumi nawa ne, ba tare da an rubuta ko an kira shaida ba. Wanda ya san Maraɗi ya san mene ne zogala a azumi. Gida kaɗan ne ake buɗa-baki babu kwaɗo.

Motar da ke ɗauko mana ganye muna ce mata Kaka. Tsohuwar motar fasinja ce da aka cire wa kujeru, gilasan gefenta kuma sun zube tun kafin ta zo hannunmu. Mutane na yi mata dariya, amma ganye yana son ta, don iska tana shiga ta nan ta fita ta can. Ƙanen mijina Sha'aibu ne ke tuƙa ta, mutum mai tsokana, wanda har yau bai daina ce mini "matar yaya mai mulkin ganye" ba. Shekarar da nake ba ku labari azumi ya faɗo cikin bazara. Sha'aban ya yi nisa sai injin Kaka ya buga. Malam Mahaman, bakaniken da ya daɗe yana lallaɓa ta, ya aiko cewa wannan karon sai haƙuri, gyaranta ya fi ta tsada.

Muka koma ɗauko ganye da adaidaita, kaɗan-kaɗan. A ranakun da ba azumi ba wannan yana isa, a azumi kuwa ko kusa. Malam Isuhu ya zo har gida, ya zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wasu masu saye daga nesa sun zo da babbar mota, suna son garkar duka har sallah, 'ya'yansa kuma sun matsa masa. Ya ce shi bai amsa ba. Amma in safiyar farko ta azumi ta yi babu mota a bakin garka, ba zai iya yanke ganye ya zuba masa ido yana mutuwa ba. Na ce gaskiyarsa. In garkar ta tafi, ba ni kaɗai ta bari ba, har da matan da ke jiran kwanona su sami na cefane.

Neman motar sai ya faɗo kaina. Maigidan tela ne, ya ce shi abin da ya sani da ƙafa mai juyawa keken ɗinki ne. Sha'aibu kuwa, da ya ga Kaka ta kwanta, ya karɓi aikin kai kaya arewa, ba a samunsa a waya sai jefi-jefi. Ni kuma ban saba zuwa gareji ba. Sai muka shirya da Malam Mahaman: shi zai zaga wurin dillalai, ya riƙa aiko mini da saƙon murya. Na ce masa ba na neman kyau, ba na neman gudu. Sharaɗina ɗaya ne, ina son mota mai shan iska.

Ya ce, "Mai shan iska, Hajiya?" Na ce ƙwarai. Ya ce to.

Abin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. A 'yan kwanakin nan na koyi cewa ana duba ƙasan mota kafin samanta, kuma fenti sabo abin tuhuma ne. Na koyi cewa motar da ta yi jigilar jarkokin mai daga kan iyaka ba ta rabuwa da wari ko an wanke ta da me, wadda ba ta da takardar duwan, wato ta kwastan, kuma arharta ta banza ce. Kowane saƙo sai na saurare shi sau biyu, in yi tambaya, shi kuma ba ya gajiya da amsa. Na lura da wani abu kuma: maza in za su ɗauki hoton mota, fuskarta suke ɗauka. Duk hotunan da ya turo mini fitilu ne da gilashin gaba. Ban ga bayan ko ɗaya ba, ban kuma yi tunanin tambaya ba, tunda na riga na faɗi sharaɗina.

Motar farko da ya yaba a Tibiri take, ta wani dattijo. Ya ce tsohuwa ce amma injinta lafiyayye, ya ƙara da cewa, "Wannan, Hajiya, ba ta shan iska ko kaɗan, na tabbatar." Na ce to a bar ta, Allah ya haɗa ta da rabonta. Ya sake maimaitawa a hankali, kamar ban ji ba. Na sake ce masa a bar ta. Bayan nan ya kawo wasu, kowacce da dalilin da ya hana. Sai ga wata fara a wurin wani dillali a cikin gari. Ya ce jikinta da kyau, takardunta cikakku, dillalin ma ya yarda a ɗauke ta haya ta yini ɗaya a gwada. Amma, in ji shi, ba zai ɓoye mini ba, tana shan iska sosai. Na ce alhamdu lillahi, ita nake nema. Ya ce to bari ya ɗan taɓa ta kafin a ɗauka. Na ce kada ya taɓa mata komai, a bar ta yadda take.

Daga baya ya gaya mini abin da ya zata. Ya ɗauka dabarar ciniki ce: ina so a ga aibinta a fili don dillali ya sauko, sannan a gyara. Har ya ce wa abokan aikinsa matan Maraɗi sun fi mazansu iya saye. Kunya kuma ta hana shi ja da ni, don na girme shi.

Ranar gwajin, Sha'aibu ya dawo ke nan daga tafiya. Ya karɓi makulli da asuba ya wuce Jiratawa kai tsaye, ban ga motar ba. Na jiƙa itace da kananzir, na ɗora tukwane, mata masu tsiga suka zo suka zauna. Hantsi ya yi babu mota. Sai ga wayarsa: sun taso da ganye, motar ta mutu a hanya, in ya tayar da ita ta ɗan yi gaba sai ta sake shaƙewa. Ya yi ta fama yana cewa yanzu za ta kama, har rana ta ɗaga. Na yafa mayafi, na tari adaidaita, muka biya gareji muka ɗauki Malam Mahaman.

Muka same su a gefen hanya, inda babu ko inuwar kirki. Abin da na gani akwati ne na ƙarfe, fari, a rufe ta ko'ina, babu taga ko ta shigar ɗan yatsa. Sha'aibu ya ɗaure ƙofar baya a buɗe da igiya, ya sauke wasu dammuna, amma ina. Na sa hannu cikin na can ƙurya, na ji ɗumin buhun uwar mijina. Ganyen ya yi laushi, ya fara baƙi, yana wani tsami-tsami. Na juyo na ce, "Malam Mahaman, kai da ka ce mini tana shan iska? Wannan ko numfashi ba ta yi."

Ya ɗago kai daga cikin inji, hannunsa duk man gazuwal. "Hajiya, ai shan iskar ne ya tsayar da ita. Tun safe shi take yi."

Muka tsaya muna kallon juna. Sha'aibu ne ya fara ganewa. Ya dube ni, ya dubi bakanike, ya zauna a ƙasa yana dariya har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Matar yaya, ke iskar baya kike nema, shi kuma ta gaba yake gudu."

A nan bakin hanya Malam Mahaman ya nuna mini. Motar gazuwal, in tiyon mai ya tsage ko wani wuri ya saki, iska tana shiga inda mai ya kamata ya bi, sai inji ya riƙa shaƙewa yana mutuwa. Wannan shi ne shan iska a bakin masu gyara, kuma ba abin da suka ƙi jini kamarsa. Ya kwance wani ɗan ƙarfe, ya yi ta danna famfo da babban yatsa, kumfa tana fita, har mai ya zo tsantsa. Na sunkuya na kalla har ya gama. Shi ma ya zagayo baya, ya sa hannu cikin ganyen, ya zare da sauri kamar yadda na yi ina amarya. Ya ce shekara da shekaru yana gyaran Kaka, yana ta ce wa Sha'aibu a sa mata gilasai, bai taɓa sanin ramukan nan aiki suke yi ba.

Ganyen ranar ko awaki sai da suka zaɓa. Matan da suka zo da kwano suka koma da shi wayam. Da la'asar na je Jiratawa da kaina, don bai kamata Malam Isuhu ya ji daga bakin wani ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce ganyen da ya yi wa ban ruwa tun yana toho ne ya tsaya masa a rai. Masu babbar mota sun sake zuwa, amma yana nan a kan maganarsa har a ga wata.

A hanyar dawowa na biya gareji na tambayi Malam Mahaman yaya bayan motar Tibiri yake, wadda ba ta shan iska ko kaɗan. Ya dafe kai. Ya ce bashe ce, buɗaɗɗiya, da ƙarafuna a gefe kamar keji da tamfal a sama, don tumaki ake kaiwa kasuwa da ita.

Ranar Laraba muka je, ni da Sha'aibu da Malam Mahaman, ranar kasuwar Tibiri. Mai motar, Baba Nomau, muka same shi a ƙofar gida a kan buzu. Ɗansa ne ke tuƙa ta da, ya tafi ci-rani, motar ta zauna. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ce, "Ke ce kinka ƙi motata ba ki gan ta ba?" Ya ce wani mai sayar da buhunan hatsi ya riga ya taya, da yamma zai dawo. Shi kuma ba ya son ya ba da abinsa inda aka raina shi.

Na ce Baba ya yi haƙuri ya ji yadda aka yi. Sha'aibu ya karɓe labarin ya ƙara masa gishiri, har da kwaikwayon muryata. Tsohon ya yi murmushi amma bai sauko ba. Maza suka buɗe gaba, suka tayar da inji, suka saurara, suka leƙa ƙasa. Malam Mahaman ya ce yana nan a kan bakansa. Sai aka juyo ana jiran ta bakina. Na ce ni ban iya jin inji ba, kuma na daina sayen mota da kunne. Ina so a zaga da ni, amma a baya zan zauna, inda ganye zai zauna.

Sha'aibu ya ce in bari ya kira yayansa ya zo ya ga matarsa a mazaunin tumaki. Na aro tabarma a cikin gida, na taka ƙarfe na hau, na zauna can ƙurya, bayan kan direba, don a nan ganye ke fara mutuwa. Muka bi ta gefen kasuwa muka fita gari. Mata masu tallar fura suna nuna ni. Rana tsaka ce, amma tamfal ya tare ta, iska kuma tana shiga ta tsakanin ƙarafuna ta ko'ina, har sai da na riƙe mayafina da hannu biyu. Na sa Sha'aibu ya tsaya cik a rana, na zauna ina jira in ji ko zafi zai taru. Bai taru ba. Na shafa daɓen, na ji yana ɗaukar ɗumi daga ƙasa, na ce wannan sai an shimfiɗa zana kafin tabarma. Warin tumaki kuwa yana nan daram.

Da muka dawo Baba Nomau yana tsaye, ya fito har bakin hanya. Ya ce mutane da yawa sun zo ganin motar nan, kowa gaba yake nufa ya murɗa sitiyari, ba wanda ya taɓa tambayar yadda na baya ke ji. Ya ce shi ya san dalilin da ya sa tumakinsa ba su taɓa isa kasuwa a galabaice ba. Na ce masa gaskiya ina tsoron saye kai tsaye bayan abin da ya faru, ga shi kuma ban san halinta da lodi ba. Sai ya ce, "Ɗauki haya har sallah, ɗiyata. In ganyenki ya yarda da ita, mu yi maganar saye. Mai hatsi ya nemi wata, buhu bai san zafi ba."

Wankinta ya ci mu aiki. Toka da sabulu, a goge, a bar ta a rana, a sake. Wata maƙwabciya ta ce a turara ta da turaren wuta, na ce a'a, ganye yana ɗaukar ƙamshi kamar yadda yake ɗaukar wari, ba mai son kwaɗo mai ƙamshin ɗakin amarya. Aka shimfiɗa zana, aka ɗora sababbin tabarmi.

Aka ga wata. Bayan sallar asuba ta ranar farko, Sha'aibu ya ce da ya isa Jiratawa ya tarar da babbar motar baƙin tana tsaye daga nesa, Malam Isuhu kuma yana bakin garka da lauje a hannu, bai yanki ko reshe ɗaya ba. Ya zagaya bashe, ya shinshina, ya sa hannu ta tsakanin ƙarafuna, sannan ya ce wa 'ya'yansa su fara yanka. Da ganyen ya iso gida na hau na sa hannu can ƙurya kafin a sauke. Sanyi ƙalau, har da sauran raɓa. Ranar duk wadda ta zo da kwano ta koma da shi cike. Bayan sallah muka yi maganar saye, kuma ita ce kuka gani a ƙofar gida da kuka shigo, wadda kuka ce ta yi kama da kejin kaji.

To 'yan mata, in kun tashi kama sana'ar, ƙofata a buɗe take, kuma ba da tukunya za mu fara ba, da buhu da tabarma za mu fara. Mota kuwa sai ku je wurin Malam Mahaman. Har yau in na aika masa cewa motar tana son dubawa, kafin ya ɗauko ko sufana ɗaya sai ya bugo waya ya ce, "Hajiya, ta gaba ko ta baya?"